Ɓarawon Littafin Malama

Talata, 4 ga Maris

A shaida, a rubuta, a kuma adana domin na baya: yau da ƙarfe huɗu da kwata na yamma an ajiye kwalin tishu a gefena na tebur, ba a gefen Malama ba. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Tsakanina da kwalin taƙi ɗaya, tsakaninta da shi kamu guda har da ɗoriya. Wannan cin fuska ne ga mutum mai shekara hamsin da takwas, shugaban sashen aro na babban ɗakin karatu, wanda rabonsa da hawaye tun ranar da aka yi masa allura a firamare. Na sa ɗan yatsa ɗaya na tura kwalin tsakiya, cikin mutunci. Babu wanda ya lura. Wannan ya fi zafi.

Ga yadda aka yi ƙafata ta taka wurin. Makarantar da ke garin Yayarta tana neman mai koyar da lissafi. Malama ta nema ba da sanina ba, aka ba ta, saura ta sa hannu a takardar canjin aiki ta miƙa ranar sha biyar ga Afrilu. Ba ta ambaci rabuwa ba. Cewa ta yi za ta riƙa zuwa hutu. Shekara ashirin da bakwai muna tare, na san abin da ake nufi idan mace ta ce za ta riƙa zuwa gidanta hutu. Na ce to me ake so in yi. Ta ce zama shida wurin mai ba ma'aurata shawara. Na ce mu da ba mu taɓa ɗaga wa juna murya ba? Ta ce ai shi ya sa.

Ofishin yana hawa na biyu, saman shagon masu gilashin ido. Na yi wa Allah godiya da wannan tsari, domin duk wanda ya gan ni a matakala zan ce awon ido na zo. Har na fara lumshe ido ɗaya tun daga titi, don ƙarya ta samu ƙafafu.

Matar gajera ce, za ta yi hamsin, tabarau rataye a wuya da igiya. Na ce da ita Likita, ta ce ita ba likita ba ce. Na ce Malama, sai mata biyu suka juyo. Daga yau sunanta Mai Shawara.

Ta sallame mu da kaya uku. Littafin rubutu shuɗi na Malama, kore nawa: kowa ya rubuta abin da bakinsa ya kasa faɗa, kuma ba mai duba na wani. Sai agogon girki mai siffar ƙwai. Kowace yamma a murɗa shi minti goma, ɗaya ya yi magana, ɗaya ya yi shiru, in ya kaɗa mai sauraro ya maimaita abin da ya ji. Ba ƙari, ba gyara, ba shawara. Na ce wannan ai ko ɗan aji biyu. Ta ce madalla, ke nan ba za ka sha wuya ba.

Laraba, 5 ga Maris

Minti ɗaya da daƙiƙa arba'in. A nan na ce, "Abin da kike nufi shi ne," sai Malama ta tashi ta je duba tukunya.

Juma'a, 7 ga Maris

Ba a zuwa fagen daga da hannu biyu a aljihu. Na kwaso littattafai goma sha ɗaya na ilimin halayyar ɗan Adam daga kanta ta bakwai. Abin da ba zan faɗa wa kowa ba sai wannan kundi: ban rubuta su a katina ba. Ni, da na taɓa tare shugaban ɗakin karatu da kansa a bakin ƙofa saboda mujalla ɗaya. Na zuba su a jakar leda baƙa kamar mai safarar abin haram.

Mai Hatimi, wadda muke tebur ɗaya da ita shekara goma sha tara, ta bi jakar da kallo ta ce, "Ranka ya daɗe, an fara cefane ne da tsufa?" Na ce bincike nake yi wa wani aboki. Ta ce Allah ya ba abokin lafiya, shi da iyalinsa. Ta buga hatimi da ƙarfin da ba a bukata.

Talata, 11 ga Maris

Zama na biyu. Na shiga da shiri, na fito ba hula, in ji masu iya magana.

Na buɗe taro da taƙaitaccen bayani kan mazhabobi uku na wannan fanni da inda kowacce ta yi tuntuɓe. Mai Shawara ta saurara har ƙarshe, ba ta katse ni ba, abin da na ɗauka nasara ce. Sannan ta ce Malama ta yi magana. Malama ta yi, wajen minti huɗu, tana kallon jakarta. Ni kuwa a lokacin ina gyara wata jimla a kaina game da mazhaba ta huɗu da na manta.

Sai na ji an ce, "Malam, me ta ce yanzu?"

Na ce ta taɓo muhimman batutuwa da suka shafi zamantakewa. Mai Shawara ta ce, kamar wanne? Agogon bango ya yi ta aikinsa. Na ji mai shagon ƙasa yana jan kujera. A rayuwata ban taɓa sanin daƙiƙa tana da faɗi haka ba.

Malama ce ta cece ni, in ceto ne. Ta maimaita. Wai bayan rasuwar ƙaninta, shekara biyu ke nan, ta gaya mini wata safiya cewa ba ta iya barci. Da yamma na dawo mata da littattafai uku kan rashin barci, na sa mata takarda a babin da ya fi amfani. Ta ce ta karanta duka ukun, tun da dai ga dare ga ido biyu.

Na tuna littattafan. Har lambobinsu na tuna. Safiyar ce ban tuna ba.

Muka shiga mota. Ita ke tuƙi, kamar kullum.

Alhamis, 13 ga Maris

Zan rubuta wannan da tsari, domin laifi ma yana da haƙƙin a ba da tarihinsa daidai.

Malama tana fita bakwai saura kwata, ni ba na fita sai takwas da rabi. Ina neman almakashi a kantar da take ajiye takardun jarrabawar ɗalibai, sai ga shuɗin littafin tsakanin rajistar aji da ƙamus. Ban neme shi ba. Wannan hujja ta farko. Ta biyu, duk mai bincike na gari yana komawa ga tushe. Ta uku, likita ba ya magani sai ya ga sakamakon gwaji. Ina da hujja har bakwai, na jera su a tsaye, almakashi a hannu, kuma ko ɗaya ba ta hana kunnena yin zafi ba.

Shafi tara ta rubuta. Rubutun ƙanana, a gurguje, wani wuri rabin jimla. Ba zagi. Da ma zagi ne.

Ta ce in tana magana tana ganin leɓena yana motsi, yana shirya amsa. Ta ce tun da Auta ta tafi jami'a gidan ya zama ɗakin karatu na biyu, har takan ji kamar a ce mata a yi shiru. Ta ce ƙaninta ne kaɗai yake tambayarta yaya makaranta ya kuma jira ta ba da amsa.

Na mayar da shi daidai inda yake, kaurin yatsa ɗaya daga bakin kanta. Sana'ata ce.

Asabar, 15 ga Maris

Da ƙwai ya kaɗa na maimaita abin da ta faɗa kan wata ɗaliba mai kuka a aji, sannan na ƙara da murya ƙasa-ƙasa: "Ina jin gidan nan ya yi miki shiru da yawa tun tafiyar Auta."

Ta ɗago ta dube ni. Ta ce, "Haka ne, Baban Auta."

Na ci abinci kamar wanda ya ci jarrabawa. Sai da na zo wanke hannu na tuna yadda aka ci ta.

Talata, 18 ga Maris

An yabe ni. Mai Shawara ta ce ba kasafai take ganin canji da wuri haka ba. Na sunkuyar da kai na ce ai ƙoƙarin Malama ne, wanda ya zama gaskiya mafi tsabta da na faɗa a ɗakin nan, kuma ba wanda ya gane. Malama tana kallon taga.

An tambaye ni koren littafina. Na ce yana tafiya. Shafi ɗaya ne a ciki, kuma jerin littattafan da ya kamata Mai Shawara ta karanta ne.

Alhamis, 20 ga Maris

Na koma. Ɓarawo ba ya sata sau ɗaya, sai dai a kama shi sau ɗaya.

Wani abu dabam, tun da kundi ba ya tsegumi: Malama tana da ɗabi'ar lanƙwasa kusurwar shafi don ta gane inda ta tsaya. Shekara ashirin da bakwai ina yaƙi da wannan ta'asa, a gida da wurin aiki. Takarda tana da jijiya, in an karya ta ba ta komawa. Wancan makon na miƙe guda biyu da farcen babban yatsa, yau guda uku, na danne littafin da ƙamus minti biyar kafin in mayar. Aƙalla na bar shi fiye da yadda na same shi.

Lahadi, 23 ga Maris

Auta ta bugo waya. "Baba, me ka yi wa Mama? Jiya da muna magana har dariya ta yi." Na ce tsohon naki ai ba a banza ya yi furfura ba. Ta ce, "Wallahi Baba na yi alfahari da kai, na san ba sauƙi."

Na ce layin ba kyau. Layin lafiyarsa ƙalau.

Talata, 25 ga Maris

Yau Mai Shawara ta gan mu ɗai-ɗai, kowa minti goma sha biyar. Da nawa ya zo na yi gyaran murya na ce ina da wani aboki, mutumin kirki, mai ilimi daidai gwargwado, wanda aka ba shi aikin gida ya leƙa takardar abokin zamansa. Ba da mugun nufi ba. Don ya taimaka.

Mai Shawara ta sa tabarau, ta dube ni, ta cire. Ta ce, "Abokin naka yana jin daɗin makin da ya samu?"

Na ce ba ya barci sosai.

Ta ce, "Akwai littattafai uku a kan haka, na ji an ce."

Ban san mace mai takalmi mara tsini za ta iya sara haka ba. Na nemi ta ba abokin fatawa. Ta ce ita ba ta ɗaukar saƙon wani ta kai wa wani, ba aikinta ba ne, kuma ba za ta faɗa a madadinsa ba. Amma ya sani cewa matar tana gina shawarar rayuwarta a kan abin da take gani a 'yan makonnin nan. In tubalin na aro ne, ita ginin zai faɗa wa.

Na sauko matakala ban tuna da lumshe ido ba.

Laraba, 26 ga Maris

An yanke hukunci: ba za a ƙara taɓa littafin ba. An rufe wannan babi har abada.

Juma'a, 28 ga Maris

Har abada ta yi kwana biyu.

Abin lura ga masu nazari: rubutun Malama ya inganta ƙwarai. Haruffa sun ƙara girma, jimloli sun cika, har sakin layi take yi da kwanan wata a sama. Na ce a raina lallai zaman nan yana da amfani, ko ba komai ya gyara mata salo.

Abin da ke ciki kuwa bai bar ni na karya kumallo ba. Ta rubuta ranar asibiti, ranar da ƙaninta ya rasu. Ta ce ni na yi komai: na cike takardu, na kira dangi, na nemo mota, na tsaya kan kowa da komai har aka gama. Ta ce mutane suna ta cewa ta yi dacen miji. Ita kuwa tana kan benci a baranda, gefenta wuri ya isa mutum biyu, tana kallon takalmana suna wucewa suna dawowa. Ta ƙirga, sau goma sha huɗu. Mai lissafi ce.

Ta kuma ce kullum in ta taso daga makaranta takan tsaya a bayan gidan mai na kwanar unguwarmu, ta kashe mota, ta zauna rabin awa kafin ta ƙaraso gida. Shekara biyu. Ni ina cewa cunkoson hanya ne, har na taɓa rubuta wa hukuma wasiƙa mai shafi huɗu a kan cunkoson.

Litinin, 31 ga Maris

Rana dubu ta ɓarawo.

Na buɗe inda aka lanƙwasa. Layi uku ne kawai a shafin, da jan biro irin na gyaran jarrabawa:

"Baban Auta, in ka gama ka bar mini kusurwar yadda take. Da ita nake gane inda na tsaya. Akwai shayi a fulas."

Na zauna a ƙasa. Ba a kujera ba, a ƙasa, tsakanin kanta da kwandon wanki, da rigar aiki a jikina. Ban san tsawon lokacin ba. Na makara aiki karo na farko cikin shekara tara. Mai Hatimi ta buɗe baki za ta yi tsiya, ta kalli fuskata, ta rufe.

An ce tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Na yini ina neman haukan da zai isa, ban samu ba.

Da yamma ban jira ƙwai ba. Na ce, Malama, na karanta. Ta ce ta sani. Na ce tun yaushe? Ta ce tun sha uku ga wata. "Mutum ɗaya ne a faɗin duniyar nan zai shiga sata ya tsaya yi wa takarda guga."

Ta ce a ranar ta sa hannu a takardar canjin aiki, a cikin mota, cikin fushi. Ta nuna mini. Sa hannun yana nan, biro har ya huda takardar.

Na ce to me ya sa kika ci gaba da rubutawa?

Ba zan iya kawo maganarta duka ba, ga abin da ya maƙale. Ta ce shekara ashirin da bakwai tana faɗa da baki bai shiga ba, ta rubuta a takarda cikin kwana biyu na haddace har da waƙafi. Sai ta ce bari ta gwada ta ƙofar da take buɗe. Ta ƙara girman haruffa saboda ta san ba na sa gilashi da safe. Ta ce ranar da na yi maganar shirun gida ta san daga shafi na shida na ɗauko, kuma duk da haka ta ji daɗi, kuma jin daɗin ya ba ta haushin kanta fiye da nawa.

"Amma na gaji da zama marubuciya a gidana," in ji ta. "Littafin ya ƙare. Abin da ya rage ba a rubuce yake ba."

Na ce takardar fa? Ta ce tana jaka. Sha biyar ga wata bai zo ba.

Talata, 1 ga Afrilu

Na gabatar da abokina ga Mai Shawara da sunansa na gaskiya. Ba ta yi mamaki ba, ko don ladabi. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kuma ce ba komai ba, alhali na shirya wa kowanne jawabi. Ta tambayi Malama abin da satar ta ci mata. Malama ta ce wuri ɗaya ne a gidan da yake nata ita kaɗai, shi ma an shiga da takalmi. Aka ce in maimaita. Na maimaita daidai, kalma da kalma, kuma wannan karon daga bakinta na ɗauka. Ban ji daɗin makin ba.

Sabon aiki: a wannan mako ni zan yi magana minti goma. A kan kaina. Ba ambaton littafi, ba karin magana, ba ban dariya. Na ce in an cire waɗannan me ya rage? Ta ce shi muke son gani.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Na yi minti goma ina bayanin ciwon gwiwata. Malama ta maimaita da aminci: "Ka ce gwiwarka tana ciwo." Kalma biyar. Ban taɓa ganin an yi wa jawabi irin wannan aski ba.

Asabar, 5 ga Afrilu

Shiru, minti goma cur. Ta zauna ta saurari shirun har ƙarshe, ba ta duba tukunya ba. Ashe haka ake yi.

Litinin, 7 ga Afrilu

Na faɗa mata abin da ko wannan kundi ban gaya wa ba.

Mako guda kafin rasuwarsa, ƙaninta ya zo wurin aikina ya ari littafi kan kiwon zuma. Wani sabon shiri ne cikin shirye-shiryensa da ba sa ƙarewa. Ya jingina da teburina yana ce mini, "Yaya, in na yi arziki zan saya maka ɗakin karatun nan in kore ka, ka huta." Littafin bai dawo ba, ban ma san inda yake ba. Katinsa yana cikin aljihun teburina. Duk mako biyu, ranar Litinin, nakan fito da shi in buga masa hatimin sabunta aro, in mayar. An cika kati uku, ina kan na huɗu. In na rufe aron, tsarinmu zai ce in ja layi a kan sunansa in rubuta dalili.

Na ce mata a asibiti ban zauna ba ne saboda na san in na zauna ba zan iya tashi ba, ga takardu ba mai cikewa. Wannan rabin gaskiya ne, na kuma faɗa mata haka. Ɗaya rabin, ban san abin da ake yi da hannuwa ba in an zauna kusa da mai kuka.

Ƙwai ya kaɗa tun ina tsakiya. Ba wanda ya kula shi.

Da ta zo maimaitawa ta ce, "Ka ce kana kewarsa." Na ce ban faɗi haka ba. Ta ce, "Ba gyara." Ta tambaye ni launin katin. Na ce ruwan ƙasa. Ban san amfanin wannan tambaya ba, amma ta gyaɗa kai kamar an ba ta amsar da take nema.

Talata, 8 ga Afrilu

Zama na shida, na ƙarshe a yarjejeniya. Na yi tsammanin sakamako, ko takardar shaida, ko aƙalla a ce wane ne ya yi nasara. Mai Shawara ta ce ita ba ta raba maki, kuma shawarar takarda ta Malama ce ita kaɗai, kada in tambaya, kada in yi kamfe. Ta ce ƙofa a buɗe take in muna son ci gaba. Malama ta ce za ta yi tunani. Ba ta ce za mu ba.

A matakala muka yi kiciɓis da wani mai yawan aro a wurinmu. Ya ce, "A'a, Malam, awon ido?" Ga ƙarya an shimfiɗa mini har da matashi. Na ce a'a, sama muka je. Ya dubi allon da ke bango, ya dube ni, ya ce to Allah ya taimaka. Na ce amin.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Na rubuta littattafai goma sha ɗayan a katina, da ainihin ranar da na ɗauke su, na mayar. Mai Hatimi ta ce yaya jikin abokin. Na ce yana nan, ba a sallame shi ba tukuna.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Jakarta tana rataye a bayan ƙofa, zif a buɗe. Na wuce ta sau shida. Ni ma na iya ƙirga. Ban taɓa ba. Ba na neman yabo, na rubuta ne don tarihi.

Talata, 15 ga Afrilu

Ta fita bakwai saura kwata da jakar. Na ce a dawo lafiya. Ban ƙara ko wasali ba, ko da yake jawabi mai sassa uku yana tsaye a bakina da takalmansa.

A wurin aiki na buga wa mutum biyu hatimin shekarar bara.

Huɗu da minti goma waya ta yi ƙara. Ta ce, "Ina bayan gidan mai." Shi ke nan, ta kashe. Ba ta ce zo ba. Na tsaya da wayar a hannu ina neman ma'anar wannan nassi, sai na ga ba nassi ba ne. Na bar wa Mai Hatimi makullai, na fita ba jaka, ba jarida, ba ko ƙasidar da zan riƙe.

Motar tana ƙarƙashin wata bishiya, kusa da inda ake ba tayoyi iska. Na buɗe ƙofa na zauna. Wurin ba abin kallo: katanga, tsohuwar taya, famfo mai ɗiga. Nan take zama shekara biyu. Hannuwana na ɗora su a gwiwa, daga baya ɗaya ya samu wani wurin, ba sai an rubuta ba.

Ta yi magana. Ba zan sa abin da ta faɗa a nan ba. Ba a rubuce ta ba ni ba, ba kuma zan mayar da shi rubutu ba.

Takarda dai ba ta miƙa ba, ba ta kuma yaga ba. Ta roƙi shugabar makarantar can ta ɗaga mata zuwa ƙarshen zango, an yarda. Wato ba a sallami ƙarar ba, an ɗage zama ne. Ta ce Talata mai zuwa ƙarfe huɗu, ta riga ta kama mana wuri a saman masu gilashi. Mana, ta ce. Ban nuna na ji ba.

Sai dai dole a rubuta abin takaici guda, domin adalci ba ya son rabi. Wajen minti na ashirin, tana tsakiyar magana, bakina ya buɗe da kansa ya ce, "Ai masana sun," sai na kama shi. Kalma uku sun riga sun fita. Ta dube ni ta gefen ido, ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Saboda haka wannan kotu, bayan ta saurari mai laifi, wanda shi ne kuma alƙali, ta same shi da laifin sakin kalma uku ba izini. An ci shi tarar wankin mota ranar Asabar, da hannunsa, da bokiti da soso, taya ɗaya kan kowace kalma. Ta huɗun kyauta ce daga mai laifi. Ba ɗaukaka ƙara.